Turmin da Aka Wanke Sau Bakwai

Duk shekara idan zangon farko ya kama, nakan shiga aji da faifai a hammata da ƙullin leda uku a hannu: jar gyaɗa, farin wake, da gero. Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, kuma ɗakin gwajinmu suna ne kawai, don haka da faifan nan nake koyar da ƙwayar zarra. In ajiye shi a kan tebur, in ce su matso, wadda ta ture wata kuma ta ji a jikinta, don ba a san ni da haƙuri ba.

A tsakiyar faifan, inda masaƙiya ta fara naɗi, nake tara gyaɗa da wake. Nan ce cibiya. Gyaɗar ita ce furoton, waken shi ne nutiron, a cure suke wuri guda, kuma kusan duk nauyin ƙwayar a wurinsu yake. Geron kuma in bi layukan faifan ina ajiye shi, biyu a layin farko, takwas a na biyu, a haka har baki. Shi ne ilektiron, ba nauyi sai yawo. Sai in ce musu allon da ke gabansu, da ruwan da suka sha da safe, da hannun da suka ɗauki kofin da shi, duk da irin wannan aka gina su, sai dai ƙanƙantarsa ta wuce ganin ido nesa ba kusa ba. Kafin a tashi kuwa sai an samu mai dogon hannu ta cinye mini furoton biyu ko uku.

Abin da nake nanatawa har su gaji shi ne lissafin gyaɗar. Yawan furoton da ke cibiya shi ke faɗin ko mene ne abu. In saba'in da tara ne, zinariya ce. In tamanin ne, zaiba. In tamanin da biyu ne, dalma. Wuta da ruwa da sabulu, in sun yi ƙoƙari, iyakarsu geron bakin faifai: su ɗauke ɗaya, su ƙara biyu, abu ya sake launi ko kama. Cibiya kuwa ba mai kai mata hannu, ko a murhu ko a maƙera. Dalma in ka ƙona ta dalma ce, in ka jiƙa ta dalma ce, in ka binne ta jikan jikanka ya tono, dalmarsa zai tarar. Wannan na san shi tun ina ɗaliba, har na ci jarrabawa da shi. Na san shi sarai ranar da na kai 'yata yaye.

'Yar fari ce. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar Maradun, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ya fasa baki ma sai ta kau da kai har wata ta ɗaga shi. Kunya ake ce wa abin. Sa'o'ina sun fara sassautawa, amma ni na riƙe shi da hannu biyu, har na fi waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Dalilin ba zan ɓoye shi ba: ni kaɗai ce mace a dangi da ta yi boko mai nisa, kuma na san ana zuba ido a ga inda bokon ya ɓata ni. Na rantse a raina ba za su gani ba. In an tambaye ni lafiyar yarinyar sai in yi kamar ban ji ba, in ta kama dole in ambace ta sai in ce “waccan”. Matan dangi suka yi ta yabona, ni kuma yabon yana yi mini daɗi.

Da ta kusa cika shekara biyu, lokacin yaye ya yi. Al'ada ita ce a kai yaro wurin kakarsa ya kwana biyu har ya manta da nono. Maigidana mutumin Bakura ne, malamin gona ne a wajen masu noman rani, ya ce a kai ta Birnin Tudu wurin mahaifiyarsa, ga kusa ga hanya. Na ce a'a, wurin Innata za a kai ta, a ƙauyenmu da ke gaba da Gidan Goga. Ba wani dalili gare ni ba sai son in nuna ni ma ina da uwa. Shi ba mai ja-in-ja ba ne, ya ce Allah ya sa hakan ya fi alheri. A lokacin yarinyar tana da kalmomi wajen goma a bakinta. Tana cewa ruwa, tana cewa akuya, tana cewa a'a da ƙarfinta. In babanta ya kira sunanta daga ƙofar gida, ko tana ƙuryar ɗaki sai ta fito da gudu.

A cikin bazara muka tafi, lokacin hutun makaranta, mota zuwa Maradun, daga nan babur. Tun daga zaure na ji dakan gidan ya canza. Da amon gero a turmi na girma, na san shi ko ina barci. Wannan kuwa ƙara ce mai tsini, ta ƙarfe a kan dutse. Buhuna ne jingine a zauren har kusa da rufi, kuma ba hatsi ne a ciki ba. Yayana, wanda nake bi, ya bar gona tun bayan kaka ya shiga haƙar zinariya a daji. Yana kawo duwatsun gida, matarsa da wasu matan maƙwabta su daka da taɓaryar ƙarfe, su tankaɗe, shi kuma ya wanke garin a daro ya kama zinariyar da zaiba. Ƙura mai laushi ta kwanta a kan komai, a kan tabarma, a kan murfin randa, a kan gashin yaran da ke rarrafe a tsakar gida suna kai hannu baki.

Na sa hannu a buhu na ɗauko dutse ɗaya. Ya fi girmansa nauyi, kuma inda ya fashe yana ƙyalli toka-toka kamar kwalli. Irinsa na gani a hoto a littafin da na yi karatu da shi, kuma na san zinariyar da ke cikinsa ba ta kai dalmar da ke cikinsa ba ko kusa. Da ma an fara raɗe-raɗin yara na mutuwa a wasu ƙauyukan masu haƙa can kudu da mu, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sanƙarau. Na mayar da dutsen, na goge hannuna a zane, na shiga na durƙusa gaban Inna.

Inna ba jahila ba ce, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Ita ke karantar da matan aure a ƙauyen, kuma a sha'anin tsarki ban taɓa ganin mai tsantseninta ba. Kaza in ta sa baki a butarta, zubar da ruwan take yi ta sake ɗauraye butar. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi maigidana, da mahaifiyarsa, da hanya, da zafi, da 'yan makaranta. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki yarinyar ta ce, “Ƙawata, kin zo ki cinye mini hura ko? To bismilla, ga gero can na jiƙa miki.” Ta nuna turminta da haɓa.

Turmin ƙirya ne, baƙi wuluk don tsufa, na mahaifiyarta ne ta gada. Na duba cikinsa na ga sababbin tabo, wurare da itacen ya farfashe ya yi rami-rami, irin raunin da taɓaryar itace ba ta yi. Na tambayi matar yayana a gefe. Ta ce ai da suka fara aikin ba su da turmin ƙarfe, da shi suka yi dakan dutse kasuwa uku kafin a sayo na ƙarfen, Inna ta karɓe abinta.

Da la'asar, mata sun taru a inuwar rumfa ana ɓarar gyaɗa, na ga dama ta samu. Amma ta yaya zan fara? Ba zan ce ina tsoro saboda 'yata ba, bakina ba zai iya ba. Sai na zagayo ta nesa, na ce, “Inna, ƙurar dutsen ga ba ta da kyau ga yaran gidan ga. Akwai dalma ciki. Turmin ga ma bai kamata a sake sa abinci cikinai ba.”

Inna ta ce, “Turmina? Sau bakwai niw wanke shi da hannuna, Malama. Na hwarko da ƙasa mai tsarki, sauran da ruwan rijiya. Nis shanya shi kwana ukku ga rana. Niz zuba garwashi ciki hat ya yi ƙauri. Mi ar rage kuma?”

In ta ce mini Malama, tsokana ce, kuma matan suka murmusa. Raina ya ɗan sosu, na jawo faifan da ke kan ƙwaryarta, wanda ita ta saƙa shi da hannunta, na kwashi gyaɗar da suke ɓara na tara a tsakiya, na bi layuka da tsabar gero. Na yi mata darasin nan kaf, yadda nake yi wa 'yan aji. Na ce wannan ta tsakiya ita ce asalin abu, wuta ba ta kai mata, ruwa ba ya narkar da ita ta ɓace, sai dai ya ɗauke ta daga nan ya kai can, wadda ta maƙale a tsagar itace kuma tana nan. Na ce tsakanin zinariyar da suke nema da dalmar da ke tare da ita, gyaɗa uku ce kacal. Inna ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba, don ita ma malama ce ta san haƙƙin mai bayani.

Sannan ta ce, “To na jiya. Wanga abu da kic ce shina cikin turmina, shina da launi?”

Na ce, “Ba a ganinai, Inna.”

“Shina da wari?”

“Babu.”

“Ɗanɗano hwa?”

“Ba za ki ji ba.”

Ta ce, “To ko ruwa, in ukkun ga ba su sake ba, alwala muka yi da shi mu tsaya gaban Ubangiji. Turmi ya hi alwala?”

Matan suka yi dariya, matar yayana har da tafi. Ina da amsa, amsar tana bakina. Sai Inna ta dube ni sosai, ta rage murya, ta ce, “Ko ɗiyarki ta kika jin ma tsoro? In ita ta, hwaɗi.”

Ido wajen takwas a kaina, duk suna jira su ji 'yar boko ta ce ɗiyata a gaban uwarta. Yarinyar tana zaune a cinyar Inna tana wasa da geron da na jera. Na sunkuyar da kai, na yi murmushin da ake so a gani, na ce, “Ni ina ruwana da ita? Taku ta.”

Aka saki shewa. Wata tsohuwa ta ce wallahi boko bai taɓa wannan ba, tarbiyya tana nan. Na kwashe gyaɗar na mayar cikin ƙwarya. Washegari da hantsi na hau babur, yarinyar tana goye a bayan Inna tana miƙo hannu tana kuka, ban waiwaya ba, don waiwayen ma abin magana ne. A hanya na yi ta lallashin kaina: mako uku ne kawai, Inna mai tsafta ce, wanki bakwai ai ya rage wani abu. Da na isa gida maigidana ya tambaye ni yadda na baro su, na ce lafiya lau. Maganar dutse ban yi masa ba.

Mako uku ya zama wata huɗu. Makaranta ta koma, Inna ta aiko cewa ƙawarta ta saba, a bar mata ita har ruwa ya sauka sosai. Cewa a dawo mini da ita rashin kunya ne, sai na yi shiru. Sau ɗaya na je a tsakani. Na same ta ta yi fari fat, ta rage ƙiba, ba ta son wasa, abu kaɗan sai kuka. Aka ce ai yaye ne da haƙora, kowane yaro haka yake yi. Ina zaune aka daka fura a turmin nan aka dama mata, Inna ta riƙe mata ludayi. Na kalli bango. Har yau in na tuna kallon bangon nan sai in ji na tsani kaina, kuma ban ga ranar da zan daina ba.

Wata Laraba da hantsi ina tsakiyar darasi aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofar makaranta. Yayana ne, ƙafafunsa duk laka. Ya ce yarinyar ta kwana biyu tana amai, yau da safe ta fara jijjiga, idanu sun kafe, sun kawo ta asibiti nan cikin gari. Ban san yadda na isa ba. Na same ta a kan gado, jikinta yana fizga, Inna na riƙe da ƙafafunta tana karanta duk abin da ta sani. Ko a nan, Allah ya gani, sai da na ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin na ƙarasa, saboda Inna na wurin.

Likitan ya gwada zazzaɓin cizon sauro bai samu ba. Ya tambaya ko ana aikin dutse a gidan da take. Yayana ya fara kame-kame, ni na ce ana yi, a tsakar gida ake daka, kuma turmin furarta an taɓa dakan dutse da shi. Aka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito, likitan ya zaunar da ni da maigidana ya fara bayani a hankali, irin wanda ake yi wa wanda bai taɓa jin kalmar ba. Ya ce dalma in ta shiga jikin yaro, jikin yakan ɗauke ta a matsayin abin gina ƙashi. Ni na ƙarasa masa. Na ce dalma takan saki ilektiron biyu na can baki, kalshiyam ma da jikin yaro ke wawura don ƙashi da ƙwaƙwalwa biyu yake saki, jiki kuwa ba ya ƙirga furoton, bakin faifai kawai yake dubawa ya buɗe ƙofa. Ban san abin da ya sa na faɗa ba, bakina ne ya tafi da kansa kamar ina gaban allo.

Likitan ya ajiye biro ya ce, “Hajiya, ashe kin san abin.”

Na ce na sani.

A barandar asibitin maigidana ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, “Ranar da kika kai ta, kin ga dutsen da idonki?” Na ce na gani. Ya ce, “Da kika koma fa?” Na ce na gani. Sai ya ce bari ya je ya yi azahar. Daga ranar har yau bai sake tayar da maganar ba, ko cikin faɗa, kuma muna faɗa kamar kowa. Da ya zage ni ranar, ina jin da na fi samun sauƙi.

An ba ta magani mai kamo dalma daga jini ya fitar ta fitsari, zagaye bayan zagaye, wata da watanni. Ta rayu. Ɗan yayana na goye, wanda aka kawo kwana huɗu bayanta, bai rayu ba. Amma maganin abin da ke yawo a jini yake kamawa. Wadda ta riga ta kwanta a ƙashi tana nan tana tsattsafowa a hankali, ɓarnar da ta yi a ƙwaƙwalwa kuma ta yi ke nan. Kalmomin nan goma suka tafi, ba ruwa, ba akuya, ba a'a. Jinta ya yi ta raguwa har ya zama sai an buga ƙofa da ƙarfi take firgita. Yanzu ta zama budurwa, ta fi ni tsawo, tana iya wanke kwano in an nuna mata, tana son zama kusa da akuyoyi. Farfaɗiya takan kayar da ita sau biyu ko uku a wata. Na haifi uku bayanta, duk a ɗakina na yaye su, mai magana ya yi ta yi.

Daga baya wasu ma'aikata suka je ƙauyenmu suka kankare ƙasar tsakar gidaje da shebur, suka kwashe ta a buhuna, suka kai bayan gari suka binne a rami mai shimfiɗar leda, suka zubo sabuwa. Mutanen gari suka ce an kashe gubar. Ni na san ba a kashe komai ba, wuri aka canza mata, kuma iyakar abin da ɗan Adam zai iya ke nan. Ma'aikatan suka ce duk turmi da ƙwarya da tabarmar da ta taɓa dutse a fito da su. Yayana ya ce mini an fitar da komai. Ni da Inna kuwa muka ci gaba da gaisawa kamar da, mai tsawo, da tambayar kowa da kowa. Yarinyar kaɗai ba ma ambata, ni don kunyar da na saba, ita kuma ban san don me ba.

Shekaru suka wuce, 'yan bindiga suka addabi yankin. Aka kwashe shanu, aka hana noma, aka fara ɗaukar mutane a gona. Bayan an shiga ƙauyen da ke kusa da namu, yayana ya samo mota ya kwaso Inna da iyalinsa da abin da ya samu na kaya, suka iso gidana a Talata Mafara da rana tsaka. Ina tsaye ana sauke katifu da tukwane da buhun littattafan Inna, sai na ga an mirgino wani abu naɗe da tsohon bargo. Bargon ya zame. Turmin ne.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba tun da aka haife ni, sai ranar. A gaban direba, a gaban maƙwabta da suka fito taya mu sauke kaya. Na ce, “Inna, mi na wanga? Kin baro gadonki, kin baro akwatinki, kin ɗauko wanga? Bai ishe ki ba? Wa kika so shi ci kuma?” Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Yayana ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi ya fara ji, shi da ya kawo dutsen.

Inna ta bari sai da na gama don kaina. Ta tsufa ƙwarai, tafiyar ta gajiyar da ita, ta zauna a kan buhun littattafanta. Ta ce da ma'aikatan suka zo ta ɓoye shi a rumbu, don na uwarta ne, ba ta da wani abu nata sai shi. Ta ce ko ƙwayar gero ba ta sake sawa a ciki ba. “Amma ban bar wankinai ba,” in ji ta. “Kowace Juma'a. Nic ce ko wata rana shi tsarkaka.”

Wata maƙwabciya ta ce to a faskara shi a yi girki mana a huta. Na ce hayaƙin ya shiga hancin 'ya'yanki, tokar kuma ki zuba a bola kaji su tona. Wani ya ce a jefa shi a gulbi. Na ce ruwan da ake ban ruwan albasa da shi ke nan. Ba a ƙona shi, ba a jefarwa, ba a bayarwa. Maigidana ya dawo daga aiki ya tarar da mu cirko-cirko, ya ji bayani, ya shiga ya ɗauko diga. A can ƙarshen fili, nesa da rijiya, shi da yayana suka haƙa rami har iya ƙirji. Muka shimfiɗa leda mai kauri, aka aika a sayo siminti da za a rufe bakin.

Ana cikin haƙa Inna ta kira ni da hannu. Na je na durƙusa, raina bai gama hucewa ba. Ta ce, “Gyaɗa nawa kic ce tsakaninsu da zinariya?”

Na ce, “Ukku, Inna.”

Ta gyaɗa kai. “Na riƙe. Ban gane ba ran nan, amma na riƙe.” Sannan ta ƙara da cewa, “Bayanin hwaihwai ba shi nika jira ba. Na ga huskarki tun shigowarki, na san akwai magana. Shi yas sa nit tambaye ki. Ba tsokana ta ba, wallahi tambaya ta. Da kin ce i, da na saɓa miki ita ga baya kun koma tare, mai dariya shi yi. Kic ce ina ruwanki. Nic ce to, tunda mai ilimin abin ta bar ɗiyarta nan, ashe abin bai kai yadda tac ce ba.”

Shekara da shekaru ina riƙe da wani ɗan ƙulli a zuciyata cewa Inna ce ta ƙi ji, Inna ce ta sa aka yi mini dariya. Ranar aka karɓe shi daga hannuna, ba ni da sauran wanda zan raba laifin da shi.

Ina durƙushe a wurin na ɗaga kai, sai na hango yarinyar. Ta baro wurin akuyoyi ta zo inda turmin yake kwance a bakin rami, ta tsuguna, ta zura hannu cikinsa tana shafa ramukan nan da yatsa, kuma na san inda yatsan zai tafi daga nan. Na miƙe na ƙwala kiran sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, da duk ƙarfin muryar da nake tsawata wa aji da ita, a gaban Inna, a gaban yayana, a gaban maƙwabta da direban da bai tafi ba. Na sake kira. Na kira na uku har muryata ta fashe. Kowa a filin ya juyo, har masu haƙa suka tsaya da diga a hannu.

Ita ba ta juyo ba. Inna ce ta dafa buhu ta tashi da kyar, ta taka har wurin, ta kama hannun ta fitar da shi daga turmin, ta ja ta zuwa bakin randa. Ni na ɗauko sabulu na bi su.